A Tura Jika Wurin Kaka da Littafi

Ran nan da maraice muna cikin karatu a ajinmu na nan Gesse, sai wani yaro ya shigo, ya kawo wa ubansa tabarau da ya manta a gida. Yaron zai kai shekara goma sha biyu. Yana aji shida a firamare, ya iya karatu sarai, har shi ke duba wa ubansa aikin gida. Muka tsai da shi, muka ce, "Samari, wane ne Kanta?" Ya yi shiru, ya dubi ubansa, sa'an nan ya ce, "Malam, kantar nan ta kanti, wadda a ke ɗora kaya?"

Aji duk ya fashe da dariya. Uban kaɗai ne bai yi ba. Bakabe ne, ga tsagarsa nan a fuska, kakanninsa masunta ne a bakin gulbi. Da aka tashi ya tsaya, ya ce mana, "Malam, laifina ne. Ban taɓa zaunar da shi na gaya mishi ba." Muka ce in laifi ne, to, na dukanmu ne. A kan wannan za mu yi magana yau.

Bari mu fara biyan yaron bashinsa. Muhammadu Kanta shi ne sarkin da ya ɗaukaka ƙasar Kabi, yau shekara ɗari biyar ke nan da 'yan kai. Da fari yana taimakon Askiya na Songhai a wajen yaƙi. Wajen 1516, bayan sun komo daga yaƙin Agadas, suka ɓata a kan rabon ganima. Kanta ya ce ba ya bi. Askiya ya aiko da runduna, ba su iya da shi ba. Kanta ya gina birninsa a Surame, da ganuwar duwatsu. Kangon yana nan har yanzu wajen Binji, cikin Jihar Sakkwato, kuma tun 1964 Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa da ba a yarda a rushe ba. Daga baya sarakunan Kabi suka bar Surame, suka dawo nan Birnin Kebbi.

Yaya aka yi muka san wannan? Ta hanya biyu. Ta farko rubutu. Wani malami a Tambutu, ana ce da shi Abdurrahman Sa'adi, ya rubuta labarin faɗan Kanta da Askiya cikin littafinsa Tarihus Sudan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya kawo labarin Kanta cikin Infakul Maisuri. Ta biyu kuwa bakin tsofaffi. Su ne su ke cewa Kanta yana da jirgin ruwa wanda aka lulluɓe da tagulla, yana yawo cikinsa da damina. Su ne kuma su ke cewa da a ke ginin Surame, Nufawa sun makara zuwa aiki, sai Kanta ya ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗe maimakon ruwa. Ko haka aka yi daidai, Allah ne masani. Amma labarin ya yi shekaru yana tafiya daga baki zuwa kunne kafin wani ya sa shi a takarda. Da a ce tsara guda ta yi shiru, da ya ɓace.

To, shirun nan shi mu ke tsoro yanzu. Da can, in an ci tuwon dare, yara su kan taru a ɗakin tsohuwa. Yau in an ci tuwo, ko wane yaro ya kama waya, ko ya tafi gidan kallon ƙwallo. Ba mu ce a ƙwace musu waya ba, za ku ji amfaninta nan gaba. Abin da mu ke so ku lura da shi, tsofaffin ba za su jira mu ba.

Ku ɗauki misalin gulbinmu. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984. Tun daga sa'an nan ruwan da ke sauko mana ba shi zuwa kamar yadda ya saba. Wanda ya san yadda ambaliya ta ke cika fadama kafin a yi madatsun nan, da irin shinkafar da a ke shukawa mai bin ruwa tana tsawo, da tafkunan da ke cika da kifi har bazara, yau ya ba shekara sittin baya. Ku ƙidaya irinsu a unguwarku. Baɗi in Allah ya kai mu ku sake ƙidayawa.

Mu kanmu mun yi wannan sakaci. Akwai wani tsohon masunci da mu kan gaisa da shi a hanyar gulbi. In ya fara kiran sunayen kifi sai ka gaji: giwan ruwa, yauni, ramboshi, ƙurungu, kawara, gaiwa, minjirya, talibambam, da waɗansu da ba mu taɓa ji ba. Ya san inda ko wane ya ke kwanciya da watan da ya ke ƙwai. Kullum mu ce za mu zo da littafi. Yau aiki, gobe biki, jibi zazzaɓi. Ranar da muka je da littafin, zaman makoki muka tarar. Sunayen da muka riƙe su ne waɗannan da muka lissafa muku, sauran sun bi shi.

Me ya sa sai jika?

Wani zai ce, "Malam, tun da yanzu mun iya rubutu, me zai hana mu je da kanmu? Ina ruwan yara?" Tambaya ce mai kyau, ga amsarta.

Ku da kanku kun san kunyar da ke tsakanin ɗa da uba, balle ɗan fari. Magidanci ba ya iya zama gaban mahaifinsa ya yi ta tambaya, "Baba, daga ina aka zo da kakarmu? Baba, me ya raba ku da gidan su wane?" Ko ya tambaya, tsohon zai ce, "Allah shi kyauta," ya kau da kai. Amma jika fa? Jika abokin wasa ne. Ya kan hau cinyar kaka, ya ja gemunsa, ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Tsohuwa ta kan kira jikanta maigida, tsoho ya kira jikanyarsa amarya. Abin da ba za a gaya wa ɗa ba, jika ya kan same shi cikin raha. Wannan ƙofa ce da al'adarmu ta buɗe tun tuni, ba mu ne muka ƙago ta ba.

Ban da haka, hannun yaro ya fi namu sauri. Mu da muka koyi baƙi da girma, kafin mu rubuta layi ɗaya tsoho ya kai ƙarshen labari. Yaron firamare ko na sakandare ya fi mu gudu. Mu kuma mun fi shi sanin abin da ya kamata a tambaya, da inda ya kamata a yi shiru. Saboda haka aikin na mutum uku ne. Kaka ya faɗa, jika ya rubuta, ku kuma ku zauna a gefe kuna kula. Da dare jikan ya karanta muku, ku bi da yatsa. Ga karatu kun ƙara, ga labari kun tsare.

Babban dalili kuwa shi ne, wanda ya rubuta abu da hannunsa ba ya mantawa da shi da wuri, kuma ba ya yarda a wulakanta shi. In mun ajiye labarin a kanmu kaɗai, shekara nawa muka ƙara masa? In yana kan yaro, ya sami wata shekara hamsin ko sittin, in Allah ya yarda.

Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu. An fara shi a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa su a gulbi don girmamawa. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin al'adun da duniya duka ta ke alfahari da su. Abin da aka girmama ba gini ba ne, sani ne da ke kan mutane: yadda a ke kwanciya a kan gora cikin ruwa, da yadda a ke buɗe homa a rufe, da kamun kifi da hannu, da tseren jirage, da kamun agwagwar ruwa, da aikin Sarkin Ruwa da na Homa, shugaban masunta. Bayan bikin 2009 aka yi shekara goma ba a yi ba, sai a watan Maris na 2020. Yaron da aka yaye a shekarar da aka daina, sai da ya kusa balaga kafin ya ga Matan Fada cike da masunta. Duk da haka ranar da aka buɗe ruwa, samari sun faɗa da homarsu kamar ba a taɓa tsayawa ba. Don me? Don a gidajen masunta ba a daina koya wa yara ba. Uba na saƙar taru, ɗa na riƙe da zare. Abin da masunta suka yi wa sana'arsu, shi mu ke so mu yi wa labarin garuruwanmu.

Yadda za a yi

Ba a bukatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu guda da alƙalami sun isa. Kada a haɗa shi da littafin makaranta, a saya masa nasa dabam, a rubuta sunan gida a bangonsa.

Kada a faɗa wa tsoho bagatatan. Ku fara zuwa ku gaishe shi, ku gaya masa abin da a ke nufi, ku nemi izini. In da hali a riƙa ɗan goro. A zaɓi lokacin da ya ke da sukuni, kamar bayan la'asar. A shafin farko yaro ya rubuta sunan mai ba da labari, da garinsu, da ranar da aka zauna, da sarkin da ke kan gado sa'ad da aka haife shi. Tsofaffi da yawa ba su san shekarunsu da lissafi ba, amma sun san sarkin zamaninsu, sun san ko kafin yunwa kaza ne ko bayanta. Daga nan malamin aji zai iya taimakonku ku gane shekarar.

Tambaya ɗaya ta isa zama ɗaya. Yau a tambayi asalin sunan unguwa. Wani mako a tambayi kayan su, homa da taru da birgi da mamari da gura, yadda a ke yin ko wane da irin kifin da ya ke kamawa. Wani makon kuma a tambayi dalilin wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa. In tsoho ya saki hanya ya shiga wani zance, a bar shi. Sau da yawa abin da ya fi daraja a can gefen hanyar ya ke.

Ga wani abu da mu ke roƙonku ƙwarai. Yaro ya rubuta magana yadda ta fito daga bakin mai ita. In tsoho ya ce "munka tashi, anka yi ruwa," kada yaro ya gyara ya mai da ita "muka tashi, aka yi ruwa" don haka ya gani a littafin makaranta. Hausar littafi tana da wurinta, da ita mu ke rubuta wannan takarda. Amma Kabanci shi ma gādo ne, kuma ya fi kayan ƙarfe saurin lalacewa.

In akwai saurayi mai waya a gidan, ya ɗauki muryar tsohon, in ya yarda. Murya tana da daɗi, jikokin jikoki za su so su ji ta. Sai dai waya ta kan faɗa ruwa, a kan sace ta, ta kan mutu. A ɗauka a waya, a kuma kwafe a littafi a makon nan, kada a ce sai an sami lokaci.

Kada a bar 'yan mata a baya. Rabin labarin gari yana cikin gida, wurin da namiji baƙo ba ya shiga. Tsofaffin mata ne suka san dangantaka, wa ya auri wa, wa ya sha nono da wa. Su suka san yadda a ke gyaran shinkafa da bandar kifi, da kaɗi, da kayan ɗakin amarya na da. Yarinya mai littafi za ta samo abin da mu malamai maza ba za mu taɓa samu ba.

Gargaɗi guda. Don mun ce yara su san gulbi, ba mu ce a tura yaron da bai iya iyo ba cikin ruwa. Ɗan masunci tun yana ƙarami a ke koya masa, a gaban ubansa. Naku ya tsaya a gaɓa da littafinsa.

A kai su su gani

Gani ya kori ji. Daga nan zuwa Argungu tafiyar kamar sa'a guda ce a mota. A can kusa da kasuwa akwai Gidan Tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, da aka gina sabuwa sai aka mai da ita gidan ajiye kayan tarihi, aka buɗe a 1958. A ciki akwai tambura, da takubba, da māsu, da baka da kibau, da bindigogin da, da layun yaƙi. A nan kuma kaburburan sarakuna su ke, saboda haka a gaya wa yara su shiga da ladabi. Aji guda zai iya haɗa kuɗin mota, ko wane ɗalibi ya riƙo yaro ɗaya. Kada yaran su tafi hannu sake. Ko wane a ba shi aiki: ya zaɓi abu guda, ya zana shi, ya tambayi mai gadin kayan sunansa da amfaninsa, ya rubuta. In sun komo su karanta a gaban aji. Haka kuma za a iya yi a Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ke. Surame kuwa daji ne, kada a ɗauki yara zuwa can sai an shawarci hukuma a kan lafiyar hanya.

Yaron da ya ga takobi a gidan tarihi, in ya komo gida zai dubi tsohon takobin da ke rataye a zaure da wani ido. Wannan yana da amfani, gama akwai masu yawo ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya da littattafan ajami da 'yan kuɗi kaɗan, su fita da su. Galibi magāda ne su ke sayarwa, don ba wanda ya taɓa gaya musu ko mene ne. A Tambutu, garin malamin nan da ya rubuta labarin Kanta, 'yan bindiga sun kama gari a 2012, har suka ƙone waɗansu littattafai a farkon 2013. Amma mafi yawa sun tsira. Iyalan da suka gāje su ne suka zuba su cikin akwatunan ƙarfe, samarinsu suka yi ta fita da su a ɓoye, a mota da jirgin ruwa, har Bamako. Samarin nan sun sa ransu cikin hatsari don tun suna yara sun san abin da ke cikin akwatunan.

Maganganu biyu masu nauyi

Da muka kawo wannan shawara a aji, wani dattijo ya ce, "Malam, a cikin labarun nan akwai tsafi. Akwai gyaran ruwa, akwai bori. Mu Musulmi ne. Yaya za mu tura 'ya'yanmu su kwaso wannan?" Ba mu raina maganarsa ba, tsoron Allah ne ya sa ya faɗa. Amsar da muka ba shi ita ce, rubuta abin da mutanen da suka yi dabam ne, aikata shi dabam. Muhammadu Bello malami ne, ɗan Shehu ne, ya kuwa rubuta labarin sarakunan da suka riga jihadi. Malam Abdullahi ma ya rubuta labarin zamaninsa cikin Tazyinul Waraƙati. Kuma ai shi ya sa muka ce ku zauna a gefe. In an zo wurin da yaro ke bukatar bayani, ku yi masa, ko ku kai shi wurin malaminsa.

Ta biyun ta fi wuya. Ƙasar nan tamu ta ga yaƙi. A 1805 rundunar jihadi, Malam Abdullahi na gaba, ta ci Birnin Kebbi. Sarakunan Kabi suka fita, daga baya suka kafu a Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi kuma. Aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato shekara da shekaru, sai ɗan sulhun da a ke kira Lafiyar Toga a tsakani, har zuwan Turawa. In jikan Bakabe ya tambayi kakansa, zai ji labari iri ɗaya. In jikan Bafillace ya tambayi nasa, zai ji wani iri. Yau kuwa yaran nan biyu benci ɗaya su ke zama, a Jiha ɗaya tun 1991, watakila ma uwayensu 'yan ɗaki ɗaya ne.

Waɗansu sun ce a bar wannan babi a rufe. Mu ba mu ga haka ba. Yaro zai ji shi ko ba daɗe ko ba jima, in bai ji daga gare ku ba zai ji a bakin mai son zuga. Gara ko wane ya rubuta abin da kakansa ya faɗa, ya sa sunan mai faɗin, kada ya ƙara gishiri. Sa'an nan a karanta duka biyu a aji ɗaya, a rana ɗaya. In an gama, malamin aji ya karanta musu labarin 1934, shekarar da jikan Shehu ya sauka a Argungu baƙo, Kabawa suka shiga ruwa suka kamo masa kifi. Kalmar zagi kaɗai muka ce a tsallake. In tsoho ya kira wata kabila ko wani gida da sunan wulakanci, ko ya ce su wane bayi ne, wannan kada ya shiga littafin da za a karanta a bainar jama'a.

Uban yaron nan mai tabarau ya riga ya fara. Ya kai ɗan wurin gwaggonsa a ƙauye, suka kwana biyu. Yaron ya komo da shafi huɗu, da sunayen kakanni biyar, da sunan tafkin da gidansu ke su a cikinsa, wanda yanzu gonar shinkafa ce. Tsohuwar ta ce a sake kawo mata maigidan nata bayan girbi, akwai saura.

Ranar aji mai zuwa ko wane ɗalibi ya zo da sunan tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya da zai fara da su, da sunan yaron da zai riƙa masa alƙalami. Ku rubuto sunayen da hannunku. Wanda ya fi tsufa a cikin waɗanda kuka sani, da shi za a fara.